Tsohuwar motar tsere da ke mutuwa idan ta ɗauki zafi: ta ina ake fara bincike?

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Tambayarka ta iso, kuma zan maimaita ta a taƙaice domin mai karatu ya san abin da ake magana a kai. Ka sayi Nissan 350Z ƙirar 2004 a hannun wani a Jidda, ta riga ta ci fiye da kilomita 200,000, kuma kana zirga-zirga da ita tsakanin Makka da Jidda. Da safe tana tashi lafiya lau, amma idan ta yi tafiyar kamar rabin awa sai ta mutu, galibi a danja ko a cikin cunkoso, sau ɗaya ma a kan babbar hanya. Idan ka murza makulli kik yana juyawa da ƙarfinsa amma inji ba ya kamawa, sai ta huta na ɗan lokaci sannan ta tashi kamar babu abin da ya faru. Fitilar inji tana kamawa tare da ta SLIP da ta VDC OFF. Mai gyaran da ka kai wa ya sa na'urar bincike ya ga lambobi uku, P0340 da P0171 da P0174, ya goge su, ya canja filogi da sensar hayaƙi, ya kuma wanke ƙofar totur, amma mutuwar tana nan, har silo ya ƙara hawa. Yanzu an ce ka sayi famfon mai, kai kuma kana tunanin ko ka rabu da motar gaba ɗaya.

Shawarata ita ce kada ka sayi famfon mai tukuna, kuma kada ka sayar da motar saboda wannan. Alamomin da ka lissafa sun fi karkata zuwa ga sensar kamshaf ko ta karanshaf, wato ƙananan na'urorin da ke gaya wa kwamfutar mota inda juyin inji ya kai, ko wayoyin da ke kai musu wuta, kuma wannan gyara ne mai sauƙin kuɗi idan aka kwatanta da darajar motar. Sai dai ba na so ka ɗauki wannan magana tawa ka tafi shagon kayan gyara da ita kai tsaye, domin haka aka yi aka sa maka filogi da sensar hayaƙin da ba su magance komai ba. Dole a kama motar a lokacin da take mutuwa, a ga abin da ya ɓace mata a wannan daƙiƙar.

Injin fetur yana buƙatar abubuwa huɗu a lokaci guda kafin ya ci gaba da juyawa: iska, da mai, da tartsatsin wuta a filogi, da kuma sahihin labarin inda fistin yake domin kwamfutar mota ta san lokacin da za ta saki man da wutar. Yadda mota ke mutuwa yakan nuna wanne ne daga cikinsu ya yanke. Idan ta mutu farat ɗaya kamar an kashe makulli, babu tari babu jijjiga, to mafi yawan lokuta wuta ce ko sigina ta ɗauke. Idan kuwa sai da ta yi ta shaƙewa, ƙarfi yana raguwa, kana taka totur tana ƙin amsawa sannan ta mutu, wannan halin ƙarancin mai ne. Wadda take mutuwa kawai sa'ad da aka ɗaga ƙafa daga totur za a tsaya, amma ta tashi nan take da an murza makulli, matsalarta takan kasance a wajen iska. Motarka kuwa tana ƙin tashi har sai ta huce, ta kuma taɓa mutuwa tana cikin gudu, saboda haka iska kaɗai ba za ta bayyana abin da kake gani ba. Ka lura sosai a karo na gaba da yadda take mutuwa, domin amsar wannan tambaya ta fi abin da na'ura za ta nuna amfani a farkon bincike.

Game da lambobin nan, akwai abin da nake so ya zauna maka a rai. Lambar kuskure ba ta cewa kaza ya lalace, abin da take cewa shi ne kwamfuta ba ta samu labarin da take jira daga wani layi ba. Kamar mutum ne ya ce wasiƙa ba ta iso shi ba: bai gaya maka ko marubucin ne bai rubuta ba, ko ɗan aiken ne ya yar da ita a hanya. P0340 tana nufin siginar sensar kamshaf ta ɓangare na ɗaya ta ɓace ko ta rikice. A wannan injin, wato VQ35DE mai silinda shida da lita 3.5, ɓangare na ɗaya shi ne na hannun dama, gefen fasinja a motocin da muke tuƙawa a nan Saudiyya. Ɓangare na biyu lambarsa P0345, ta sensar karanshaf kuma P0335. Kowace daga cikinsu na iya fitowa saboda sensar kanta, ko soket ɗinta, ko waya, ko ƙarancin wutar batir a lokacin tayarwa, ko lalacewar haƙoran da sensar ke karantawa. Fitilun SLIP da VDC OFF kada su tsorata ka, domin tsarin hana zamewa yana dogara ne da bayanin da kwamfutar inji ke ba shi, idan ya rasa bayanin sai ya kashe kansa ya kunna fitila.

Goge lambobin da aka yi shi ne abin da ya fi ba ni takaici a labarinka. A duk lokacin da kwamfuta ta rubuta lamba, takan adana yanayin da injin yake ciki a wannan lokacin: zafin ruwa, da yawan juyin inji, da gudun mota, da awon man da take bayarwa. Wanda ya goge lamba ba tare da ya karanta wannan ba ya zubar da shaida mafi daraja da ake da ita. Idan fitila ta sake kamawa, kada ka bari kowa ya goge komai sai an ɗauki hoton duk abin da ke kan allon na'urar. Ina ma ba ka shawara ka sayi ƙaramar na'urar bincike ta OBD-II da ake haɗawa da wayar hannu, ka bar ta a cikin mota. Ramin da ake soka ta yana ƙarƙashin sitiyari, mai baki 16. Idan ƙaramar ta kasa magana da kwamfutar motarka, kamar yadda yakan faru da wasu tsofaffin motocin da aka ƙera wa kasuwar yankin nan, sai a nemi garejin da ke da na'urar da ta san harshen motocin Nissan sosai.

Dalilin da ya sa nake zargin sensocin nan shi ne alaƙarsu da zafi. A cikin kowace akwai ɗan maganaɗisu da ƙaramin guntun lantarki da aka rufe da roba mai tauri. Sensocin kamshaf suna zaune ne a bayan kawunan silinda, kusa da bangon da ya raba inji da ɗakin direba, inda iska ba ta ratsawa, ta karanshaf kuma tana ƙasa, wajen da inji ya haɗu da giya, tana kallon haƙoran farantin filawil. Bayan shekara ashirin na zafi da sanyi, haɗin da ke cikinsu yakan tsage tsagewar da ido ba ya gani. Da sanyi tsagar tana haɗe, sigina tana tafiya daidai. Idan zafi ya kai wani mataki sai kayan su buɗe, sigina ta yanke, kwamfuta ta daina sakin wuta da mai. Da an huta abin ya huce sai ya koma ya haɗu. Ka ƙara da yanayin da muke ciki, inda zafin Makka a lokacin bazara yakan haura digiri 45, ga na'urar sanyaya mota tana aiki ba hutawa, ga cunkoson titin Haramain a Jidda inda mota ke tsaye babu iskar da ke shiga ƙarƙashin bonet, za ka gane abin da ya sa take mutuwa a danja fiye da kan hanya.

Gwajin da zai taimaka wajen tabbatar da wannan zargi ba shi da wuya, amma sai an yi shi a lokacin da motar ta ƙi tashi. A haɗa na'ura, a buɗe shafin da ke nuna juyin inji, wani ya murza makulli. Injin da kik ke juyawa yakan nuna juyi wajen 150 zuwa 250 a minti. Idan kik yana juyawa da ƙarfi amma na'ura tana nuna sifili, ko lambar tana zuwa tana ɓacewa, to kwamfuta ba ta ganin juyin injin, kuma an kama hanyar. Idan ba a so a jira ta mutu a kan titi, ana iya tayar da ita a gareji a bar ta a silo da na'urar sanyaya a kunne har ta ɗauki zafi sosai, ko a hura wa sensar iska mai zafi da na'urar busar da gashi a ga ko injin zai yi tuntuɓe. Ƙwararren mai wayarin da ke da na'urar da ke zana sigina a allo zai ga abin ƙarara, domin sigina mai lafiya tana fitowa da kusurwoyi masu tsabta a jere, mai ciwo kuwa sai ka ga giɓi a tsakaninta tun kafin injin ya mutu.

Kafin a cire sensa, a duba soket ɗinta da kyau. Wayoyi uku ke shiga kowace: mai kawo wuta, da ta ƙasa, wato wadda wutar ke bi ta koma, da mai mayar da sigina. A zare soket ɗin a hankali, domin robar da ta sha zafin shekaru tana karyewa da an matsa mata, a haska cikinsa da tocila. Abin da na saba gani a motocin Jidda shi ne wani koren gari a kan ƙarafan cikin soket, wanda laimar teku ke haifarwa, ko kuma baƙin mai da ya tsatso ta jikin sensar ya cika ramin har ya yi danƙo. Wani lokaci ƙarfen ne ya saki baki, yana taɓa ɗan'uwansa da ƙyar, da inji ya girgiza sai ya rabu. Yayin da injin ke silo, a kama damin wayoyin a motsa shi kaɗan-kaɗan daga soket zuwa baya. Idan sautin injin ya canja ko ya mutu, to laifin waya ne, kuma sabuwar sensa ba za ta yi maganinsa ba. Motar da aka saya a Jidda kuma ya kamata a ɗaga kafet ɗinta a duba ko akwai busasshen taɓo ko tsatsa a ƙafafun kujeru, saboda ambaliyar da birnin ya sha, irin ta Nuwamban 2009 da ta Janairun 2011, ta bar motoci da yawa da ciwon waya da ba ya bayyana sai daga baya.

Haka nan a auna batir da wayoyin ƙasa, abin da mutane da yawa ke tsallakewa domin suna ganin kik yana juyawa. Batir mai lafiya a kashe yana nuna wajen volt 12.6, idan inji yana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.7. An taɓa kawo mini irin wannan motar bayan an canja mata sensoci har sau biyu, ashe lokacin da aka yi mata aikin kuloci ne aka mayar da wayar ƙasa ba a ɗaure ta sosai ba, wurin ya yi baƙi, yana ɗaukar zafi yana yanke wuta. Goge wurin da ɗaure ƙusa ɗaya ya gama maganar. Wannan ya sa nake tambayar duk mai irin wannan mota ko an taɓa sauke mata giya, domin idan an canja filawil da wanda bai dace ba, ko an lanƙwasa haƙoran farantin wajen aiki, sensar karanshaf za ta riƙa karanta ƙarya ko da sabuwa ce fil.

Idan bincike ya tsaya a kan sensa, to a nan ne zan dage maka. Ka sayi ta asali, ka bar wadda masu shago ke kira tijari, wato kwaikwayon ta asali, ko da bambancin kuɗin ya yi maka yawa. Araha ba ta ado, kuma a wannan wurin musamman na sha ganin sabuwar sensa mai arha da ta zo da ciwonta daga kwali, ta sa mai gyara ya ce ai an canja sensa ba ita ba ce, ya tafi neman laifi inda babu shi. Ta tashlih ma, wato wadda aka ciro daga tsohuwar mota, irin wadda ake samu a Bariman da ke Jidda, ban yarda da ita a nan ba, domin ta sha zafin da taka ta sha. Tun da ukun duk shekarunsu ɗaya, ra'ayina shi ne a canja biyun kamshaf da ta karanshaf a zama ɗaya idan aljihu zai ɗauka. A kai lambar shasi wajen saye, saboda sensar dama da ta hagu ba siffarsu ɗaya ba.

Sauran lambobin biyu, P0171 da P0174, labari ne na daban, kuma mai yiwuwa motarka tana ɗauke da matsala biyu ne a lokaci guda. Ma'anarsu ita ce iska ta yi wa mai yawa a ɓangarorin injin duka biyu. Da yake duka biyun ne suka yi ƙorafi tare, da wuya a ce sensar hayaƙi guda ce ta jawo, ita dai ta faɗi abin da ta gani ne aka hukunta ta. Abin da ya shafi ɓangarori biyu sai ya kasance abin da suka yi tarayya a kai: sensar awon iska, ko iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya bayan an riga an auna, ko ƙarancin ƙarfin mai. Ana rarrabe su ta hanyar kallon yadda kwamfuta ke ƙara mai domin cike giɓi. Idan ƙarin bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, lafiya ne. Idan ya yi yawa a silo amma ya sauka da an ɗaga juyin inji zuwa 2,500, to iska ce ke shiga ta wata tsaga, sai a duba babban bututun roba da ke tsakanin sensar awon iska da ƙofar totur, musamman cikin lanƙwasarsa ta ƙasa, da ƙananan tiyo da gasket ɗin saman inji. Idan kuwa ƙarin yana hawa ne yayin da ake ba ta wuta, sai a koma kan sensar awon iska ko famfon mai. Sensar awon iska a injin da ya yi zafi yana silo takan nuna giram 2 zuwa 6 a daƙiƙa. Ƙurar ƙasar nan tana ɓata ta, haka ma matatar iska irin ta masu son gudu wadda ake shafa wa mai, wadda masu motocin tsere ke yawan sakawa. Ana wanke ta da feshin da aka yi domin ita kaɗai, ba a taɓa siririyar wayar cikinta da hannu ko da tsumma.

Famfon man da aka ce ka saya ba a yanke masa hukunci da kunne ko da zato. Yana cikin tanki, man da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi, shi ya sa wanda ya saba yawo da tanki kusan babu komai a cikin wannan zafi yake rage masa kwana. Gaskiya ne famfon da ya gaji yana iya tsayawa da zafi ya dawo da sanyi, saboda haka mai ba ka shawarar bai yi maganar banza ba. Amma ana auna shi: a ɗaura agogon awon ƙarfin mai, a ga ko yana riƙe da wajen kilofaskal 350 a silo, wato kusan bar 3.5, a kuma sake dubawa a lokacin da motar ta ƙi tashi. Idan ƙarfin yana nan daidai alhali inji ya ƙi kamawa, famfon ya kuɓuta. Wannan aiki a bar wa gareji, domin fetur mai ƙarfi a kan inji mai zafi ba abin gwadawa ba ne a ƙofar gida. A kan man kansa kuma, ka riƙa sa mata 95. Idan motar shigowar Amurka ce za ka ga an rubuta 91 a littafinta, amma awon Amurka daban yake da namu, kuma 91 ɗinsu ya yi daidai da kusan 95 a gidajen manmu.

Hawan silo da ya biyo bayan wanke ƙofar totur ba sabon ciwo ba ne. Totur ɗin wannan motar na lantarki ne, babu wayar ƙarfe tsakanin ƙafarka da ƙofar, kuma kwamfuta ta daɗe tana buɗe ƙofar fiye da kima domin ta rama dattin da ya taru. Da aka wanke dattin sai ta ci gaba da buɗewa yadda ta saba. Maganinsa shi ne a sake koya mata matsayin feda, da matsayin rufewar ƙofa, da awon iskar silo, inji yana da zafi, an kashe fitilu da na'urar sanyaya, sitiyari yana tsaye daidai. Idan an yi yadda ya kamata silo zai dawo wajen juyi 650 a minti. Amma a fara toshe duk inda iska ke shiga ta ɓarauniyar hanya, in ba haka ba koyarwar ba za ta zauna ba.

Ka duba baƙin mai da sandar awo kowane mako, domin tsofaffin injinan nan sukan sha mai, kuma tsarin da ke juya lokacin buɗewar bawul da ƙarfin baƙin mai yake aiki. Idan ya yi ƙasa ko ya yi kauri sai ka ga P0011 ko P0021 da silo marar daɗi. Idan kuma an gama duk abin da na ambata motar tana mutuwa, abin da ya rage shi ne akwatin rile da fis da ke kusa da batir, da makullin kansa, da duk wata na'urar ƙararrawa ko ta tayar da mota daga nesa da mai ita na farko ya sa aka yanka wayoyi aka jona. Kwamfutar motar ita ce ta ƙarshe da za a zarga, kuma kada ka yarda a canja ta sai an nuna maka cewa wuta da ƙasa da sigina duk suna isa gare ta lafiya.

Kafin a kammala gyaran, ina roƙonka ka bar hawa hanyar dutsen Hada zuwa Ɗa'if da ita, kuma ka rage bin babbar hanyar Makka da Jidda idan da hali. Idan inji ya mutu ana cikin gudu sitiyari yakan yi nauyi ƙwarai, birki kuma taku ɗaya ko biyu kawai ya rage masa da sauƙi kafin ya yi tauri, don haka kada ka yi ta famfa shi. Ka taka sau ɗaya ka riƙe, ka mayar da giya firi, ka kunna fitilun gargaɗi, ka gangara gefen dama, kuma kada ka murza makulli baya zuwa inda sitiyari ke kullewa sai mota ta tsaya cak. Idan ta sake mutuwa, ka aiko mini da hoton allon na'urar kafin a goge, tare da juyin da ta nuna lokacin da kik ke juyawa da kuma zafin ruwan da aka adana, in sha Allahu daga nan za mu san sensar da za a fara cirewa.